Kafin mu buɗe akwati: sunan wa ke bisa takarda?

Lokacin rabo ya ƙarato a ƙungiyoyi da dama, kuma duk inda muka zauna hirar guda ce, wato fili. Wasu na neman kangon da za su gina ma'ajiyar hatsi da ɗakin injin niƙa, wasu shago suke hange a bakin kasuwa, wata kuma ita kaɗai take tarin nata don ta samu inda za ta sa haƙarƙarinta ita da ɗiyanta. Tun da tafiyar Mata Masu Dubara ta fara a Maraɗi a 1991 mun ƙware da tsaron akwati, ba a buɗe shi sai gaban kowa, ko dala ba ta fita ba a ƙirga ba. Amma ranar sayen fili sai ki ga zubin shekara uku ya fita a yini ɗaya, a hannun dillalin da ko gidansu ba mu sani ba.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen ya faru ne ga wata ƙungiya daga cikinmu, ba za mu faɗi garin ba. Sun sayi kango a hannun wani magidanci, gidan mahaifinsa ne da ya rasu. An yi ciniki gaban shaidu, an rubuta, an shafa fatiha. Gini ya kai taga sai ga ƙannensa mata biyu sun taso daga inda suke aure, suka ce ba a raba gado ba, kuma ba wanda ya shawarce su. Gaskiyarsu ce. Mutumin ya sayar da abin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Yanzu gini ya tsaya, magana tana gidan shari'a, kuɗi kuwa an riga an ci. Abin da ya fi ci mana rai shi ne waɗanda aka so a danne mata ne irinmu, kuma da kuɗinmu aka so a yi.

Saboda haka tambayar farko ba "nawa ne?" ba ce. A ce wa mai sayarwa ya kawo takardar asali, ba hoto ba, tare da katinsa na ɗan ƙasa, a duba ko sunan ɗaya ne. In sunan mamaci ne a kai, to sai an ga takardar da ta lissafa magada, da shaidar cewa dukansu sun yarda, har da matan da ke aure nesa da marayun da ba su balaga ba. In ya ce shi wakili ne, ina takardar wakilci? Wanda ya fara fushi yana cewa "Hajiya, ba ki yarda da ni ba ke nan?" ya riga ya ba mu amsa.

Takardun ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. A cikin gari, filin da aka yanka bisa ƙa'ida yana da takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, wadda muke ce wa akti, da lambar rukuni da lambar fili a jikinta. Kada mu tsaya ga kallon hatimi. Mu tako da ƙafarmu zuwa ma'aikatar, a buɗe rajista a ga sunan wa ke gaban wannan lamba, domin fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu. Sannan a je wurin da mai awo ya nuna turakun siminti na iyaka. An sha nuna wa mutum fili a tudu, takardarsa kuwa ta wani ce can cikin kwari inda ruwa ke kwana. Wadda ta ga ambaliyar 2020 a Yamai, ko ta 2024 a Maraɗi da Damagaram, ba ta bukatar dogon bayani.

A ƙauye hanyar daban ce. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, tun daga gari har zuwa komin da depatama. Na gari mai gari ke shugabanta, kuma akwai wakilcin mata a ciki, abin da da yawanmu ba mu sani ba balle mu yi amfani da shi. Su ke ba da shaidar saye, ta kyauta, ta aro da ta jingina. A nan a yi hattara da gonar da ke bakin gari: takardar gargajiya tana nuna gona ce ta wane, ba ta nufin hukuma ta yanka wurin don zama. Ranar da aka zo yanka, hanya na iya bi ta tsakar ɗakinki.

Wadda ta fi duka ƙarfi ita ce takardar mallaka ta dindindin da ake yi a ɓangaren filaye na ma'aikatar lampo. Tun 2006 aka sauƙaƙa hanyar samunta, aka ma sa mata suna da harshenmu, Sheda. Gidan da ke da ita ana sayensa ne ta hannun noter, wato jami'in da doka ta ɗora wa rubuta irin wannan ciniki, kuma a nan ake gano ko an jinginar da gidan a banki. Kuɗin noter da na canjin suna suna da nauyi, ba mu musa ba. A sa su cikin lissafi tun kafin a ce an saya.

Masu neman shago, naku ya fi sarƙaƙiya. Rumfar da ke cikin kasuwar hukuma, ƙasarta ta hukuma ce. Abin da mai ita ke sayar miki damar zama ce kawai, kuma in ba a canza suna a wurin masu kula da kasuwar ba, a idonsu har gobe shi ne mai rumfa. Shagon da aka kafa a gefen titi kuwa, ranar da aka tashi rusau ba mai tambayar nawa kika biya. In kuma gini ne mai shaguna da ƴan haya a ciki, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta ce sayar da gini ba ya kashe haya: sabon mai gida ya gaji alkawarin tsoho. Ɗan kasuwar da ya shekara biyu yana sana'arsa a wurin bisa ƙa'ida yana da haƙƙin a sabunta masa, kuma fitar da shi haka kawai na iya jawo biyan diyya. To in niyyarmu mu zuba kayanmu wata mai zuwa, sai mu tambayi takardun hayar kafin kuɗi su fita.

Saura sunan da za a rubuta bayan an saya, kuma nan ne muka fi sakaci, don kunya. Ƙungiya ta sayi fili, sai a ce a sa sunan shugaba tunda ita ce uwarmu. Allah ya ja kwananta, amma ranar da ta faɗi, a takarda filin na magadanta ne, su kuwa ba su yi zubi da mu ba. Ƙungiyar da ke da takardar amincewar hukuma tana iya mallaka da sunanta. Wadda ba ta da ita, ta fara da nemanta. Haka mace ta tara kuɗinta na ƙuli-ƙuli da kiwon awaki, sai ta tura maigida ko yayanta ya ƙarasa ciniki, takarda ta dawo da sunansa. Ba sai ya yi mugun nufi ba. Mutuwa kaɗai ta isa ta mai da filin nan gadon gida duka, har da kishiya da ɗiyanta. Addini bai hana mace mallakar abinta ba, dokar ƙasa ma haka. Maigida ya raka mu, ya zama shaida, mun gode, amma suna namu.

Kafin alƙalami ma a rubuta shi: nawa aka ba da, saura nawa, yaushe za a cika, kuma in takarda ta fito da matsala kuɗi su dawo. A taro mai zuwa, duk wadda ke da takardar fili a ƙasan akwatin kayanta ta zo da ita, sakatariya ta karanta mana sunan da ke kai.