Ƙyallen da tela ke zubarwa, rigar jirgi ce

Iyayena mata na kasuwa, da ku alhazai masu shaguna, maganata ta yau a kan abin da kuke gani kullum ce amma ba ku kula ba. Duk wanda ya ratsa unguwannin Dakoro bayan girbi zai ga yara sun duƙufa a kan karan gero da guntun waya da gwangwanin madara, wannan na ƙera mota, wancan na ƙera jirgin sama. To, shi jirgin kara tsirara yake sai an sa masa riga, kuma a nan ne ake gane gwani.

Yaron da ya iya ba ya ɗaukar shadda mai kauri, domin nauyinta zai karya fiffiken. Farin yadi marar nauyi yake nema, ya yanka daidai, ya ja shi ya ɗame a kan karan, ya manne bakin da ƙaro, ya shafa masa sitaci, sannan ya ajiye shi a inuwa ya bushe. In ya ja da ƙarfi kara ya lanƙwashe, in ya sassauta yadi ya tattare. Sai ya bushe ƙayau ake sa fenti. Don Allah ku gaya mini, wanda ya iya wannan lissafi yana ɗan shekara 10, me zai gagare shi a wajen tela ko makaniki?

Masu cewa wasan banza ne, su sani jiragen farko haka aka yi su. Jirgin da ƴan'uwan nan biyu masu suna Wright suka tashi da shi a Amurka ranar 17 ga Disamba 1903, katako ne aka lulluɓe da yadin auduga, kuma tashinsa na farko daƙiƙa 12 kacal ya yi. Jirage 3 na sojan Ingila da suka fara sauka a Kano a 1925, su ma fikafikansu katako ne da yadi. A Kanon nan dai, a 2007, wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen tsofaffin motoci da babura, labarinsa ya zaga duniya.

Amma mu me muke yi? Sallah na matsowa sai tebura su cika da jiragen roba na Cana, uwa ta ciro kuɗin da ta sha rana ta samu ta saya, kafin a gama yawon sallah fiffike ya ɓalle. Shi kuwa ƙyallen da zai yi wa jirgin kara riga, tela ya share shi ya ƙone, ko iska ta kwashe shi ta rataye a ƙaya. Yaron da ya zo roƙonsa ma korarsa ake yi kamar ɓarawo.

Na san za a ce wasan yana hana yaro aike da karatu. Gaskiya ne akwai masu wuce gona da iri, kuma ban ce a bar lakkwal ko makarantar allo ba. Sai dai yamma guda a mako ba ta kashe karatu, kuma ya fi a ce yana yawon tasha.

Abin da nake roƙo ba ya cin ko dala. Masu ɗinki da masu sayar da yadi, ku ajiye buhu guda ku riƙa tara ƙyalle, yaro ya zo ku ba shi. Hajiya mai tebur, ki ware gefe guda ki ɗora jirage biyu ko uku na yaran unguwarku kusa da na roba, ki yi ciniki da yaron kamar yadda kike yi da kowane dillali. Wanda yadinsa ya tattare ki mayar masa ya sake.