Ba Kowane Kitse Ne Na Sosej Ba

'Yan'uwa, akwai maganar da ke yawo a bakin mahauta da masu saye, wai "kitse ai kitse ne." Wannan ƙarya ce, kuma ita ce ke sa sosej ɗin da ake yi a gidajenmu lokacin Kirsimeti da bazar yake fitowa a bushe, mai ya tsiyaye a kasko, kuɗin nama ya tafi a banza.

A jikin alade ɗaya kitse iri-iri ne. Wanda ake so shi ne na gadon baya, wanda ke kwance tsakanin fata da tsoka daga wuya zuwa ƙugu. Fari ne, mai tauri, idan ya yi sanyi yana yankuwa kamar sabulu. Shi ne ke fita daga injin niƙa ƙwaya-ƙwaya, ya zauna cikin nama har a dafa. Kitsen ƙasan ciki ya cika laushi, da ya ji ɗumi sai ya dame. Wanda ke kewaye da ƙoda kuwa na narkarwa ne a yi man girki. Mahaucin da ya tattaro guntayen nan duka a leda ɗaya ya ce ya rage maka farashi, shararsa ya sayar maka.

Sai a duba dabbar kanta. Namijin alade da ya balaga ba a dandaƙe shi ba, kitsensa kan ɗauki wari kamar na fitsari, kuma citta da barkono ba sa ɓoye shi. Gwajin ba wuya: a yanki ɗan kitse a ɗora a kan wuƙa mai zafi a shinshina. Aladen da aka ciyar da ragowar abinci mai maiƙo kitsensa kan yi laushi ko da na baya ne. Kitsen da ya koma rawaya, a bar wa mai shi. Duk wanda kwamiti zai aika kasuwar aladu ta Katsit a Kafanchan ranar Alhamis, ya zama wanda ya san wannan, ba wanda ya fi iya ciniki kawai ba.

Akwai kuma waɗanda suka bi ɗaya gefen, suna cire kitsen gaba ɗaya da sunan lafiya. Ban yarda da su ba. Sosej yana bukatar kilo 1 na kitse ga kilo 3 na tsoka, da gishiri kamar giram 18 a kowane kilo. In aka rage kitsen sosai, abin da zai fito kamar dusa ne a baki. Wanda likita ya hana shi kitse da gishiri saboda hawan jini, ya ci kaɗan ko ya haƙura. Kada a ɓata wa jama'a duka.

Dattawa da shugabannin Zumuntar Mata, kitse mai kyau ma zafi na lalata shi. A sayi ƙanƙara tun jajibiri, kada a dogara da wutar lantarki. A niƙa da sassafe, nama da kitse suna da sanyi har hannu ya ji. Idan aka ga fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a cikin tsoka, 'ya'yan tsutsar ciki ne, kada a yi aiki da naman. A dafa sosej har tsakiyarsa ta kai digiri 71 a ma'aunin Salsiyas kafin a kai shi teburin sayarwa.