An Ƙara Albashi, Tukunya Ta Ragu

Jama'a, ku bar ni in yi lissafin da masu kare gwamnati ba sa son a yi.

A 2019 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 30,000. Lokacin dala tana wajen naira 360, wato ƙaramin ma'aikaci yana samun sama da dala 80 a wata. A Yulin 2024 aka ce an yi mana gata, an kai shi 70,000, alhali dala ta haura 1,500. Raba ka gani, bai kai dala 50 ba. To don Allah ƙari aka yi ko ragi?

Mun san inda gizo ke saƙar. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024.

Karya darajar kuɗi yana amfanar ƙasar da masana'antunta ke sayar da kaya waje. Mu fa? Masaƙun Kaduna sun daɗe a rufe. Alkama, magani, kayan gyaran mota, duk da dala ake shigo da su. Da naira ta faɗi, mai shayi da majinyaci ne suka biya. Iyayenmu sun sha wannan maganin a SAP ɗin Babangida a 1986, ba su warke ba.

Wai gwamnati ba ta sa baki a kasuwa. Na ji. Amma kason da gwamnoni ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru tun da aka janye tallafin. Ina kuɗin? A sa su a taki mai sauƙi, da wutar masana'antu, da motocin haya. Jera mutane a rana kan mudun shinkafa wallahi cin fuska ne.

Wakilanmu na majalisa, ba tafi muka tura ku yi ba. Ku tashi ku tambaya. Wanda ya yi shiru, mun ajiye masa lissafinsa sai ranar zaɓe.