Da-Na-Sani Ƙeya Ce

Duk wanda ya biyo titin Jami'ar Bayero daga Gidan Murtala zuwa Ƙofar Ɗan Agundi zai ga alamun tunawa iri biyu. Ta farko ita ce ginin gwamnati mai ɗauke da sunan Janar Murtala Muhammad, wanda aka kashe a Ikko ran 13 ga Fabrairu, 1976. A wancan lokaci ƙasa ta yi makoki, aka sassauto da tutoci, daga baya aka buga hotonsa a takardar Naira 20. Tutocin sun koma sama bayan 'yan kwanaki, amma har yau ana ambatonsa da alheri, domin aikinsa ne ya riƙe sunansa.

Alama ta biyu ita ce ƙofar kanta, wadda take tuna wa jama'a ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa. Tun 1959 aka sa ganuwar cikin kayan tarihin ƙasa, amma wannan bai hana ɗibar ƙasarta ba, da yanka filaye a jikinta, da cike kududdufan da ke gindinta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa, maƙwabciyarta, don faɗaɗa titi. Daga bisani aka sake gina ƙofofi da siminti, aka yi musu ado.

To, shin sabuwar ƙofa tana iya zama nadamar al'umma? Tana iyawa, in dai an daina laifin da ya jawo nadamar. Ai malamai sun sanar cewa sharaɗin tuba shi ne barin saɓon. Ƙofar da aka ƙawata alhali ganuwar gefenta tana zaizayewa daidai take da tutar da aka sassauto don mamaci, aka bar marayunsa da yunwa.

Saboda haka ya wajaba Gwamnatin Jiha, da Masarautar Kano, da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa su shata iyakar abin da ya rage, su hana taɓa shi, su ware kuɗin yaɓe kowace shekara kafin damina. Masu unguwanni su sa ido, makarantu su riƙa kai yara suna gani. Da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take. Allah ya sa a gyara.