Hutun Da Ke Karya Iyayenmu Mata

Akwai wata al'ada da ta bazu a gidajen ma'aikata, kowa na yabonta, amma mu a ganinmu lokaci ya yi da za a sake dubanta. Da zarar yaro ya ƙare makaranta ya kama aiki, ya zama akawu ko malamin makaranta, albashi ya fara shigowa, abin da ya kan fara yi shi ne ya hutar da mahaifiyarsa. Ya ɗauko ta daga ƙauye, ya ba ta ɗaki da katifa, ya sa yarinya ta riƙa kai mata buta har bakin gado. In za ta gaisuwa nan bayan kasuwa, sai a kira mai adaidaita sahu. In ta ɗauki tsintsiya, surukarta ta yi maza ta karɓe, don kada a ce. Niyyar kyakkyawa ce, ba mai musun wannan. Amma bayan shekara biyu ko uku, matar nan da ta saba cin kasuwar da ke nesa da garinsu da ƙafarta, ta komo kafin magariba, sai ka tarar ba ta iya tashi daga tabarma sai an kama ta. Sai a ce ai tsufa ne. Lalle akwai tsufa a ciki, amma akwai zama kuma, shi ne kuwa ba a ambata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsoka ba ta ajiyuwa kamar hatsi a rumbu. Wadda ba a mora ba, jiki ya kan janye ta. A shekarar 2007 waɗansu likitoci a Amurka suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi: suka sami dattawa masu lafiya, 'yan wajen shekara 67, suka kwantar da su a gado kwana 10 ba tashi. Da aka auna su, sai aka ga a matsakaici sun yi hasarar kusan kilo ɗaya na naman ƙafafu. Kwana goma ke nan kawai, ga mutanen da ba abin da ke damunsu. To, ina ga wadda ta shekara uku tsakanin gado da tabarma? Ga mace kuma akwai ƙari, domin bayan ta daina ganin al'ada ƙashinta ya kan riƙa rage ƙwari da sauri fiye da na namiji, shi kuwa ƙashi ɗaukar nauyin jiki ne ke taimakonsa ya riƙe ƙarfinsa. In tsoka ta yi rauni, ƙashi ya yi rauni, santsi kaɗan a bakin rijiya ko a makewayi ya isa ya karya kwatangwalo. Wanda ya taɓa jinyar tsohuwa mai irin wannan karaya ya san da yawa ba su sake tsayuwa da kansu. Haka kuma manyan tsokokin cinya da na sha-raɓa su ne ke zuƙe sukari daga cikin jini sa'ad da su ke aiki, shi ya sa likitoci ke umurtar masu ciwon sukari da masu hawan jini su riƙa tafiya, musamman bayan cin abinci.

Kada a ɗauka muna begen zamanin da ne. Daka da niƙa da jan guga da ɗauko itace daga daji wahala ce, ta kuma tsofar da mata da yawa tun lokacinsu bai yi ba. Har gobe akwai mata a karkara waɗanda abin da su ke bukata shi ne a rage musu tafiya, ba a ƙara ba, kuma ba da su mu ke ba. Injin niƙa da famfo alheri ne. Abin lura dai shi ne, aikin nan da aka ɗauke, shi ne dā ke motsa jikin mace ba tare da ta sani ba, da aka ɗauke shi kuwa ba a sa kome a gurbinsa ba.

To, tafiya nawa ce ta isa? Wanda ke da wayar hannu irin ta zamani ya ga tana ƙidaya masa taku, sau da yawa kuma tana nuna masa 10,000 a kan shi ne abin da a ke nema kowace rana. Yana da kyau mai karatu ya san inda wannan adadi ya fito. A 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokyo, wani kamfani a Japan mai suna Yamasa ya fitar da 'yar na'urar ƙidaya taku da a ke maƙalawa a ƙugu, ya raɗa mata suna Manpo-kei, watau ma'aunin taku dubu goma. Sunan kayan sayarwa ne, ya yi daɗin faɗi, ya bi duniya. Ba daga binciken likita ya fito ba. Illarsa kuwa ita ce, tsohuwar da aka ce mata sai ta yi dubu goma, in ta duba ta ga ko dubu uku ba ta kai ba, sai ta ce wannan ba nata ba ne, ta koma ta zauna.

Binciken amfanin motsa jiki ya daɗe, amma da maza aka fara shi. A 1953 Dokta Jeremy Morris ya gwada direbobin bas na birnin Landan, masu wuni a zaune, da yaran motar da ke wuni suna hawa da sauka a matakalar bas mai bene, ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Sai a 2019 aka sami babban bincike a kan takun mata tsofaffi su kaɗai. Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka ɗaura wa mata 16,741 na'ura a ƙugu har kwana 7, matsakaicin shekarunsu 72, sa'an nan suka bi labarinsu shekara huɗu da 'yan watanni. A cikin wannan lokaci 504 suka rasu. Da aka kasa matan kashi huɗu bisa ga yawan takunsu, sai aka ga masu yin wajen taku 4,400 a rana, mutuwa a cikinsu ta gaza ta masu yin wajen 2,700 da kashi 41 cikin 100. Amfanin ya yi ta ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita, bai ƙara wani abin kirki ba. Wani abin sha'awa kuma, da aka yi la'akari da yawan takun, saurin tafiya bai nuna wani bambanci ba: mai tafiya a hankali da mai sauri, in takunsu ɗaya ne, rabonsu kusan ɗaya ne. A 2022 aka tattara bincike 15 daga ƙasashe dabam dabam, na mutum fiye da 47,000, aka sami abin da ya yi kusa da wannan: ga wanda ya kai shekara 60, amfanin ya kan daidaita tsakanin taku 6,000 da 8,000.

Mai hankali zai ce, ai watakila rashin lafiya ce ta hana waɗancan tafiya tun farko, ba rashin tafiya ne ya kashe su ba. Tambaya ce mai ma'ana. Masu binciken sun san da ita, sun kuwa yi lissafinsu bayan sun cire tasirin shekaru, da shan taba, da irin abinci, da cututtukan da matan ke da su. Duk da haka irin wannan bincike na kallo ne, ba ya yanke hukunci shi kaɗai, kuma matan Amurkawa ne, galibinsu Turawa ma'aikatan lafiya, ba matan Kano ko Katsina ba. Saboda haka ba mu ce a riƙe 41 ɗin nan kamar kuɗin haraji ba. Abin da mu ke cewa shi ne, ƙididdigar ta dace da abin da aka sani game da tsoka da ƙashi da jini, ƙafar Bahaushiya kuwa ba da wani nama dabam aka yi ta ba.

Bari mu mai da abin lissafi, tun da masu karatunmu ma'abota lissafi ne. Takun tsohuwa ya kan yi kamar ƙafa 2. Mil ɗaya ƙafa 5,280 ce, watau taku 2,640. Ashe taku 4,400 mil ɗaya ne da sulusi biyu, kilomita biyu da rabi da ɗan ɗori. Kuma wannan duk takun wuni ne, har da na zuwa madafa da makewayi da leƙa maƙwabta. Tazarar da ke tsakanin 2,700 da 4,400 taku 1,700 ce kacal, kimanin kilomita ɗaya, tafiyar minti ashirin ga mai tafiya a natse. In aka raba ta biyu, minti goma da safe, minti goma da la'asar sakaliya, wace tsohuwa ce mai sauran ƙafa za ta ce ya fi ƙarfinta? A nan ne ribar ta fi yawa, a tashi daga kaɗan zuwa matsakaici, ba a kai wa dubu goma ba.

Game da ƙidayar kanta, kada a dogara ga waya ƙwarai. Waya ba ta ƙidaya sai tana jikin mutum, ta iyayenmu kuwa ta kan wuni a ƙarƙashin matashi ko a wurin caji. Ko tana jiki, mai jan ƙafa a hankali na'ura ta kan tsallake wani sashi na takunta. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙidaya sau ɗaya a huta: jika ya raka kakarsa daga ƙofar gida zuwa gidan 'yar'uwarta, ko zuwa makarantar Islamiyya ta matan aure, ya ƙirga takun, a san cewa zuwa da komowa kaza ne. Wadda ba ta son fita, a ƙirga zagayen tsakar gida. In zagaye ɗaya taku 50 ne, zagaye 17 da safe da 17 da yamma sun cika 1,700 ɗin nan. Ga malaman firamare ma wannan darasin awo ne da ya fi na cikin littafi: kowane yaro ya auno takun kakarsa da ma'auni, ya lissafa taku nawa ne daga gidansu zuwa kasuwa. Yaro ya koyi sau da rabawa, kaka kuma ta sami ɗan rakiya.

Tafiya kaɗai ba ta gama kome ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta nemi babba ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ta kuma ƙara wa waɗanda suka kai shekara 65 cewa su yi abin da zai ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa kwana uku a mako ko fiye, don tsare faɗuwa. Wannan ba ya bukatar kayan aiki. Tashi daga kujera a koma sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, da tsayawa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, sun shiga ciki. Sai dai a yi hattara. Wadda ta daɗe a zaune ta fara da minti biyar, ta riƙa ƙarawa mako mako. A guji tsakar rana a bazara, a sha ruwa, a bar silifa mai santsi a sa takalmi mai kama dunduniya. Mai ciwon sukari a riƙa duba tafin ƙafarta kowane dare, gama ƙaramin rauni a wurinta ba ƙarami ba ne. In kuwa tafiya ta kawo ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, a tsaya a kai ta asibiti, kada a ce ta daure. Ciwon gwiwa irin na tsufa, yawancinsa tafiya a hankali na sassauta shi, zama ne ke ƙara sandarar da gaɓa. Amma gwiwar da ta kumbura ta yi zafi, likita ya fara gani.

Ga wani abin da ya kamata masu tara kuɗi don biya wa iyayensu kujerar Makka su tuna. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai wajen kilomita 3 ne, watau taku 5,000 ko kusa da haka ga tsohuwa, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa a Mina, a cikin zafi da cunkoso. Ɗan da ya zaunar da uwarsa shekara biyar, sa'an nan ya sa ta a jirgi, bai shirya ta ba, ko da ya cika mata jaka da guzuri. Shirin ƙafa ya kamata ya fara tun ran da aka fara ajiyar kuɗin.

Saura babbar matsala, wadda ba ta likita ba ce. Da yawa daga cikin ma'aikata sun san duk abin da mu ka faɗa, abin da ke hana su shi ne bakin mutane: a ce wane yana da mota, ga uwarsa can tana taka ƙasa. Wannan magana ita ke sa a tura mota tafiyar da ba ta kai taku ɗari biyar ba. Maganinta kuwa a hannun masu karatun nan ya ke, domin su a ke kallo a unguwa. In aka ga hedimasta ko babban akawu ya jera da mahaifiyarsa da yamma, yana riƙe mata jaka, suna tafe suna taɗi zuwa gidan ƙanwarta, ba wanda zai kira wannan wulaƙanci. Tsofaffin mata kuma dā ma al'ada ba ta tsare su a gida kamar amare ba. Su ne masu zuwa suna da biki da ta'aziyya da dubiya. A bar su su je da ƙafarsu in wurin kusa ne, su biyu ko uku tare, don tafiyar da a ke yi da abokiyar hira ita ce ba a fasawa.

Ƙananan hukumomi su ma suna da nasu rabo. Tsohuwa ba za ta fita ba in lungun unguwarsu kwata ce a buɗe, ga ramuka, ga 'yan acaɓa na kutsawa ba ko ƙaho. Rufe kwata, da cike ramuka, da ajiye 'yan dakali a inuwa inda mai tafiya za ta zauna ta huta, ba aikin miliyoyi ba ne. Makarantun firamare da yawa kuma suna da fili mai shinge wanda ke zama ba kowa daga an tashi har wayewar gari. Muna roƙon sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi su ba hedimastoci izini a rubuce su riƙa buɗe wa matan unguwa waɗannan filaye daga ƙarfe biyar zuwa shida na yamma, maigadi yana bakin ƙofa, a hana 'yan ƙwallo shiga a wannan sa'a ɗaya.