RA'AYINMU: Man Tsofaffin Taransifoma: A Fara Da Bariki Don A Tsare Kaskon Suya

A yankinmu wutar lantarki ta zama jari. Daga Birnin Ƙonni zuwa Tsarnawa, Malbaza, Galmi, Badagishiri har Illela, mai injin niƙa, mai walda, mai ƙanƙara, mai cajin waya da mai sayar da ruwan sanyi duk da ita suke neman abinci. Mun ga haka ƙarara a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, sana'o'i da yawa suka durƙushe har zuwa lokacin da aka maido ta a 2024. Shi ya sa duk inda aka ambaci taransifoma, tambayar kowa ita ce: yaushe za a kawo mana tamu? Yau muna so mu ƙara wata tambaya a kan wannan. Tsofaffin da ake da su, me ke cikinsu, kuma ina ake kai su idan sun mutu?

Kowace babbar taransifoma cike take da mai, wanda aikinsa shi ne sanyaya wayoyin jan ƙarfen da ke ciki da hana wuta tsallakawa inda ba a so. Tun daga 1929 masana'antu suka fara haɗa wani irin mai na sinadari da ake kira PCB, wanda a ƙasashen da ke aiki da Faransanci aka fi sani da piralen. An so shi ne saboda ba ya kama wuta da sauƙi, kuma ba ya lalacewa. To, wannan rashin lalacewar ne ya zama masifa. In ya zuba a ƙasa yakan yi shekaru da dama yana nan, in ya shiga jikin kifi, kaza, akuya ko mutum sai ya maƙale a kitse ya yi ta taruwa. Uwa tana ba ɗanta shi tun yana ciki, ta kuma ƙara masa a nono. Amurka ta hana yin sa a 1979, Faransa ta hana sayar da kayan da ke ɗauke da shi a 1987, sannan a 2013 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. Amma hana yin sabo bai kwashe tsoho ba, domin taransifoma takan yi shekara 30 ko 40 tana aiki.

Duniya ta san sharrin wannan mai ne ta hanyar abinci, kuma wannan ne ya sa muke magana da ku 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu suya. A 1968 a kudancin Japan, PCB ya yoyo daga bututun wata masana'anta ya shiga man girki na dusar shinkafa. Mutane kimanin 14,000 suka kai kukan rashin lafiya: ƙuraje masu baƙin kai a fuska da jiki, kwantsa a ido, ciwon hanta, kasala, har aka riƙa haifar jarirai da fata ta rine. A 1979 irin haka ta sake faruwa a Taiwan, ta shafi mutane wajen 2,000. A 1999 kuma a Beljiyam, man da ke ɗauke da PCB kimanin kilo 50 kacal ya shiga kitsen da ake haɗa abincin dabbobi da shi. Aka kwashe kaji da ƙwai daga shaguna, ƙasashe suka rufe ƙofa ga kayan Beljiyam, gwamnatin da ke kan mulki ta faɗi zaɓe a watan Yuni na wannan shekara.

Kada wani ya ce ai wannan labarin Turai ne da Asiya. A Kenya da Najeriya an sha ba da rahoton ɓarayi suna tsiyaye man taransifoma suna sayarwa, wasu na gauraya shi da man girki saboda ba ya saurin yin baƙi a kasko, wasu na zuba shi a injin walda, wasu ma na shafa shi a jiki ko a gashi. Mu kuwa a bakin iyaka muke. Jarkar da aka cika a wata ƙasa da safe tana iya kwana a rumfar Ƙonni ko Tsarnawa. Masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a kan wannan a birnin Sitokholm na Suwidin a watan Mayun 2001, ta fara aiki a 2004, kuma Nijar da Najeriya duk suna cikinta. An sa wa'adi biyu: zuwa 2025 a daina aiki da kayan lantarki masu PCB, zuwa 2028 kuma a kammala zubar da man da kayan ta hanyar da ba za ta cutar da mutane ba. Wa'adin farko ya cika, na biyu yana bakin ƙofa. Yarjejeniyar ta ce duk man da ke da fiye da miligiram 50 na PCB a kowane kilo gurɓatacce ne. In muka yi lissafi irin na kasuwa, kilo ɗaya na wannan guba ya isa ya ɓata tan 20 na mai mai kyau. Wannan ne ya sa ko sabuwar taransifoma tana iya gurɓata, idan aka ƙara mata mai da famfo ko duron da aka taɓa aiki da shi a kan tsohuwa. Yarjejeniyar ta kuma ce kada a yi aiki da irin waɗannan kaya a wuraren da ake sarrafa abincin mutane ko na dabbobi, a kuma sa ido sosai a unguwanni, makarantu da asibitoci.

Tun da ba za a iya sauya komai a rana ɗaya ba, dole a yi jeri. Mu a ganinmu barikokin soja, na jandarma da na sauran jami'an tsaro su ne ya kamata su zo a sahun farko, tare da kasuwanni da asibitoci. Dalilanmu huɗu ne.

Na farko, bariki wuri ne mai ƙofa da mai gadi. Taransifomar da ke bakin kasuwa, in ta fara yoyo, kowa zai gani ya yi magana. Wadda ke cikin bariki kuwa, jami'in muhalli ko na tsabta ba ya shiga ya duba ta sai da izini. Abin da ba a gani shi ake mantawa da shi a lissafi, kuma lissafin ƙasa da bai haɗa da bariki ba ragagge ne.

Na biyu, manyan barikoki da yawa sun girme wa dokar hana wannan mai. Wuri ne da ke buƙatar wuta dare da rana, saboda haka yakan kasance da taransifomarsa, janaretocinsa da tsofaffin na'urorin sadarwa, kuma a zamanin da aka gina su irin wannan man da ba ya kama wuta shi ake zaɓa wa wuraren da ake tsoron gobara. Tarihin wasu ƙasashe ya nuna haka. Tashoshin rada da aka gina a arewacin Kanada a shekarun 1950 sun bar PCB a ƙasa, aikin tsabtace su bai ƙare ba sai 2014, bayan an kashe sama da dalar Kanada miliyan 500. A Filifin, bayan sojojin Amurka sun bar sansanonin Clark da Subic a 1991 da 1992, bincike ya gano guba iri-iri a wuraren, har da PCB, kuma talakawan da ke zaune a kewaye ne suka gaji matsalar. Mu ma sojojin Faransa sun bar Nijar a watan Disamban 2023, na Amurka suka bi su a 2024. Duk kayan lantarkin da aka gada, ko daga baƙi ko daga magabata, shekarun na'ura da abin da ke cikinta za a duba, ba tutar wanda ya kafa ta ba.

Na uku, bariki ba sojoji kaɗai ke cikinsa ba. Akwai matansu da 'ya'yansu, akwai madafa, akwai mata masu kai abinci da masu ƙananan sana'o'i a bakin ƙofa. Akwai kuma man fetur da harsasai a ajiye. PCB ba ya kama wuta da sauƙi, amma in gobara ta cim masa sai ya rikiɗe ya fitar da hayaƙi mai ɗauke da diyoksin, gubar da ta fi shi muni. A 1981 gobara ta taɓa taransifoma ɗaya a wani dogon ginin gwamnati a garin Binghamton na Amurka, toka mai guba ta bi ko'ina, ba a sake buɗe ginin ba sai 1994. Sojan da ke ba da ransa don tsaron ƙasa bai cancanci iyalinsa su kwana kusa da irin wannan haɗari ba.

Na huɗu, kuma wanda ya fi shafar kasuwa: kayan gwamnati da suka tsufa, na soja ne ko na farar hula, ƙarshensu gwanjo ne, daga gwanjo kuma sai hannun 'yan gwangwan. Mai sayen tsohon ƙarfe jan ƙarfen ciki yake so. Zai fasa tukunyar, ya tsiyaye man a jarka ko ya zubar a ƙasa, ya ƙona wayoyin don ya cire takardar da ta naɗe su, hayaƙin ya bi unguwa. Duron da aka zuba man a ciki gobe shi ne na ɗiban ruwa ko na ajiyar man gyaɗa. Saboda haka sauya tsohuwar taransifoma ba tare da an tsare gawarta ba, ɗauko guba ne daga inda take a rufe a kawo ta tsakiyar jama'a.

Mun san za a ce kuɗi sun yi ƙaranci, ƙasa tana fama da matsalar tsaro, ga ƙauyuka da yawa da ko turken wuta ba su gani ba, ta yaya za a cire na'urar da ke aiki? Maganar tana da nauyi. Amma matakin farko ba sayen sabbi ba ne, dubawa ne. A jikin kowace taransifoma akwai allon ƙarfe mai shekarar ƙira da sunan mai. In an ga Pyralène, Askarel, Aroclor ko Clophen, magana ta ƙare. In ba a gani ba kuma na'urar tsohuwa ce, gwajin ɗan mai kaɗan ya isa. Wadda ke yoyo ko take kusa da abinci a cire ta nan take, wadda take a rufe lafiya a sa mata alama a jera ta a layi. Ƙasar da ta iya kafa tashar wutar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018 ba za ta kasa ware wani abu daga kowane sabon aikin lantarki don kwashe tsohon haɗari ba.

A nan muna kira ga ma'aikatar tsaro, ta muhalli da ta makamashi, tare da kamfanin NIGELEC, da su kafa ayari ɗaya mai izinin shiga kowane bariki a jihar Tawa, su ƙidaya kayan, su gwada su, su sa musu alama. Ba muna neman sirrin soja ba ne. Adadin na'urori da inda aka kai mansu ya ishe mu. Muna kira da a hana gwanjon kowace taransifoma sai da takardar gwaji. Waɗanda aka cire a tara su a ɗaki mai daɓen siminti da rufi, nesa da rijiya da gonakin rani, a ƙarƙashin gadi, har ranar da za a kai su tanderu na musamman mai zafin sama da digiri 1,000 da ke iya ƙone wannan guba. A wannan fanni soja na iya zama abin koyi, domin babu wanda ya fi shi iya tsare kaya da lissafinsu. Kada kuma a yarda a binne su a daji. Ba mu manta da 1988 ba, lokacin da aka jibge dubban duro na sharar guba daga Italiya a garin Koko na Najeriya, abin da ya sa ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991.

Ku kuma 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu ƙosai, fanke, awara da kifi, naku aikin ya fi kusa. Man da ba shi da suna, ba shi da ƙanshin gyaɗa, ja ko waken soya, kuma farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa, ku guje shi. Araha ba ta ado. Kada ku dogara da ido, domin gurɓataccen mai yana iya zama garau, kuma ko man taransifoma marar PCB daga fetur aka tace shi, ba abinci ba ne. Kada ku sayi duro ko jarkar da ba ku san abin da ta taɓa ɗauka ba, sabulu ba ya wanke wannan guba. Kada a shafa irin wannan mai don ciwon gaɓoɓi ko gyaran gashi. In taransifomar kasuwa tana ɗiga, a janye kasko da tire daga ƙarƙashinta, a hana yara da dabbobi zuwa wurin, sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi su kai magana ga magajin gari da ofishin lantarki a rubuce.

Albasar Galmi da ake lodi a Tsarnawa zuwa Ghana, Kodebuwa da sauran ƙasashe, da kilishinmu da dabbobinmu, suna cin kasuwa ne saboda an amince da su. Beljiyam ta nuna mana yadda duro ɗaya ke iya rushe amincin ƙasa guda cikin mako. Shekarar 2028 ba ta da nisa. Gwamnati ta fara share gidanta, daga bariki zuwa kasuwa, mu kuma mu tsare kaskonmu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.