Wayar Da Ta Iya Komai, Ban Da Abin Da Nake Buƙata



Ya 'yan'uwana matasa, na sayi babbar waya mai kyamara huɗu da manhajojin da suka fi ɗaliban ajina yawa, ina zaton na huta. Ashe wahala na sayo. In na rubuta saƙo da Hausa sai ta juya kalmomina zuwa Turanci. In na buɗe manhajar Alƙur'ani domin muraja'a sai talla ta faɗo mini ina tsakiyar aya.

A daminar 2022 na gama sanin halinta. Kogin Haɗeja ya cika ya batse, ruwa ya cinye gonakin shinkafa a Auyo da Kiri Kasamma, mutanen gari kuma suna bakin jinga dare da rana suna jera buhunan ƙasa. Ina cikinsu. Hannuna a jiƙe, gilashin wayar ya ƙi jin yatsana. Kafin la'asar batir ya mutu, ga shi babu wuta. Da 'yar ƙaramar waya mai madannai ta wani dattijo, wadda ke kwana uku ba caji, na samu jin muryar mahaifiyata a ƙauye.

Ban ce babbar waya haramun ce ba. Amma Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana neman tsari daga ilimin da ba ya amfani, kuma ina ganin darasin ya shafi kayan hannunmu. Ɗan'uwa, kafin ka zuba guminka a kan waya, tambayi kanka: ranar tsanani, za ta kira maka gida?

Allah Ya datar da mu. Wassalam.